Daga Maraɗi zuwa Damagaram: mutum biyu a kan babur ɗaya

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A zamanin kakanni, mutumin Maraɗi da aka gayyata biki a Damagaram sai ya ɗaura wa doki sirdi ko ya bi ayari, ya yi kwana da kwanaki a hanya. Yau kuwa kwalta ta haɗa biranen biyu, kimanin kilomita 240 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ta wuce gabas har N'Gigmi. Yawancin matafiya motar kamfani suke shiga, su yi gyangyaɗi har a iso. Amma a cikin hunturun da ya gabata wasu ƴan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun yi wannan tafiya a kan babur guda, kuma labarinsu ya kamata ya isa kunnen duk mai ɗaukar wani a bayansa.

Ƙanen ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan gyaran mota a Maraɗi, shi ne mai babur ɗin. Wan kuwa malamin lakwal ne, ya shekara kusan talatin yana koyar da tarihi da labarin ƙasa, bai kuma taɓa hawan abin da ya wuce kabu-kabu na cikin gari ba. Ƴar ƙanwarsu za a ɗaura wa aure a Damagaram, suka yanke shawarar su tafi tun ana gobe.

Dokin ƙarfe

Babur ɗin, ko moto kamar yadda aka fi cewa a ƙasar nan, ya bambanta da waɗanda ido ya saba gani. Yamaha FJR1300 ne, samfurin 2013, ya zo daga Turai a matsayin na hannu. Irinsa an ƙera su ne don su haɗa abu biyu da ba su cika zama wuri ɗaya ba, wato gudun babur ɗin tsere da jin daɗin zama na babur ɗin doguwar tafiya. Masana da yawa suna ɗaukar BMW R 100 RS, wanda ya fito a Jamus a 1976, a matsayin kakan wannan zuriya, saboda rigar kare iska da aka lulluɓe gabansa da ita. Shi kuwa FJR1300 a 2001 ya fara shiga kasuwa. Injinsa silinda huɗu ne, cc 1298, ya ninka na kabu-kabu mai 125 sau goma, ƙarfinsa ya haura doki 140. Tankinsa yana cin lita 25, don haka cikawa ɗaya a gidan mai ta ishe shi zuwa Damagaram ba tare da an nemi man kwalba na bakin hanya ba, wanda injin irin wannan ba ya jure wa dattinsa. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe take juya ƙafar baya, abin da ya dace da ƙasar rairayi.

Sai dai akwai nauyi. Babur ɗin kaɗai, in tankinsa ya cika, ya kusa kilo 290. A ɗora masa maza biyu manya da akwatunan gefe cike da kaya, lissafi ya doshi rabin tan. Duk wannan nauyi yana tsaye ne a kan tayoyi biyu, kowace kuma abin da take taɓa ƙasa da shi bai fi tafin hannu ba.

Saboda haka tun daren tafiya ƙanen ya tsuguna gefen babur da fitila. Ya duba iskar tayoyi bisa ga abin da littafin kamfani ya rubuta, ya ƙara wa sifirin ɗin baya tauri don kada gindin babur ya zauna, ya sunkuyar da fitilar gaba kaɗan, tunda nauyin baya yakan ɗaga ta sama. Ya raba kaya daidai tsakanin akwatin dama da na hagu. Littafin ya ƙayyade abin da za a ɗora gaba ɗaya, mutane da kaya, kilo 200 da ƴan kai, shi ya sa buhun shinkafar gudunmawa ya bi motar kamfani.

Gardama a ƙofar gida

Da asuba, bayan salla, malamin ya fito cikin babbar riga ta shadda da hula mai aiki, kamar yadda ya dace da kawun amarya. Ƙanen ya dube shi, ya miƙa masa rigar fata mai kauri, da safar hannu, da hular kwano, wadda ake kira kaske.

"Yaya, babbar rigar nan akwati za ta shiga. In iska ta kwashe ta, ko bakinta ya shiga ƙafar baya, mu duka biyu za ta kayar."

Malamin ya tsuke fuska. "Auta, ni za ka sa wa tukunya a kai in ratsa gari? Ɗalibaina su gan ni haka?"

"Gara su gan ka da tukunya, Yaya. In ba ka sa ba, wallahi babur ɗin nan ba ya barin ƙofar gida."

Uwargidan malamin, wadda take tsaye a bakin zaure, ita ta raba gardama. Ta karɓi hular mijinta ta naɗe, ta dubi ƙanen ta ce: "Amana ce na ba ka. Yadda ka ɗauke shi, haka nake so ka maido mini shi."

Ƙanen yana da gaskiya, kuma alƙaluma suna bayansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ne haɗarin hanya yake kashewa a shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Hukumar ta ce kaske mai kyau, da aka ɗaure daidai, yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Amma duk wanda ya tsaya bakin titi a Maraɗi ko Tawa zai ga cewa in kaske ɗaya ne, a kan mai tuƙi yake, na baya kuwa kansa a waje, alhali shi ne wanda ba ya riƙe da birki, ba ya kuma ganin abin da ke tafe.

Kafin a tashi sai da aka yi darasi, wannan karon malami ne ɗalibi. Ba zai hau ba sai ƙanen ya tsai da babur sosai, ƙafafu biyu a ƙasa, ya ce masa bisimilla. Ƙafafunsa za su zauna a kan matakai ko da an tsaya, kada ya sauke su neman taimakawa, kada kuma su taɓa bututun hayaƙi mai zafi. Zai riƙe ƙarfen da ke gefen kujera ko ƙugun mai tuƙi, ban da kafaɗa da hannuwa. In an taka birki ya matse gwiwoyinsa. Da yake iska ba ta barin magana, suka yi alama: bugu ɗaya a cinya, a rage gudu, bugu biyu, a tsaya.

Tsakanin itatuwan gawo

Suka bar Maraɗi gari na wayewa. Birnin yana kan tudu ne, domin ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, wanda Katsinawan da suka baro ƙasarsu bayan jihadi suka kafa a farkon ƙarni na 19. A shingen jandarma na fitar gari aka duba permi da takardun babur, aka yi musu fatan sauka lafiya.

Mai tafiya gabas da safe rana yake fuskanta. Ƙurar hunturu ta dushe ta, ta mai da ita kamar faifan azurfa, amma duk da haka tana kashe ido. Iska kuma daga arewa maso gabas take busowa, tana dukan babur ta gefen hagu. Ƙanen ya ɗaga gilashin gaba, wanda maɓalli ke ɗagawa da saukewa, ya tsai da gudu a kan kilomita 80 zuwa 90 a awa, ko da yake injin bai ma fara numfashi ba.

Kwanar farko mai zurfi ta zo kafin Cadawa. Babur ba ya juya kwana sai ya kwanta, jikin ɗan Adam kuwa ba ya son kwanciyar. Da malamin ya ji ƙasa tana matsowa, sai ya karkata ɗaya gefen don ya miƙe abin da yake gani zai faɗi. Nan take babur ya ƙi kwanar, ya buɗe zuwa bakin kwalta, inda rairayi yake. Ƙanen ya danna hannu, ya maido shi da ƙyar, sa'an nan ya sami wuri ya tsaya.

"Yaya, in na kwanta ka kwanta. Kada ka ƙara, kada ka rage. In kwana ta dama ce, leƙo ta kafaɗata ta dama, shi ke nan."

"Auta, shekara hamsin ina koyon tsayuwa a miƙe, yau kuma ka ce in koyi faɗuwa?"

Suka yi dariya, amma malamin ya riƙe maganar. Kafin su kai Agiye jikinsa ya daina gardama, babur ɗin kuma ya koma tafiya kamar mutum ɗaya ne a kansa.

A nan ne aikin kowa ya fito fili. Mai tuƙi ba ya ganin ƙasa, kwalta kawai yake karantawa: rami, rairayin da iska ta shimfiɗa a kan hanya, tuddan rage gudu na shigar kowane ƙauye, waɗanda babur mai gajeren ciki yake hawa a hankali kamar tsoho a matakala. Na baya shi ne mai ido. Malamin ya ga gonakin gero da aka girbe, da rumbuna cike, da itatuwan gawo kore shar a tsakiyar rani, domin gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Ya tuna yadda wannan yanki ya yi fayau bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Tun wajen 1983 wani masanin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman jihar Maraɗi a kan abin da suka sa wa suna sassaben zamani, wato a bar kututturen da ke cikin gona ya toho, a rage masa rassa, a raine shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin itatuwa miliyan 200 suka tsiro a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙanen ya bi hanyar nan ya fi sau ɗari, amma sai da suka tsaya shan ruwa wansa ya nuna masa, sa'an nan ya ɗaga kai ya gani.

Jaki a Gazawa

Bayan Gazawa kaɗan hanya ta miƙe, babu kowa. Hannun ƙanen ya ɗan yi nauyi a kan totur, allura ta haura 100. A irin wannan gudu babur yana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa guda, wato kafin ido ya gaya wa hannu abin da ya gani, an riga an wuce tsawon motoci shida. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake bukata ninkawa huɗu take yi, balle da nauyin mutum biyu.

Malamin ne ya fara hango yaro yana gudu a cikin gona da sanda, ya san kuwa yaro ba ya gudu haka sai yana bin dabba. Ya bugi cinyar ƙanensa sau ɗaya. Ƙanen ya saki totur ba tare da ya san dalili ba. Sai ga jaki ya faso daga bayan wata geza, ya tsaya cak a tsakiyar kwalta, kamar yadda jakai suka saba. Ƙanen ya kama birkin gaba da na baya tare, na'urar ABS mai hana taya kullewa ta yi ta kakkarwa a ƙarƙashin hannunsa, kasken malamin ya daki nasa, nauyin mutum guda ya sauko masa a baya. Amma malamin ya matse gwiwoyi, ya dafe ƙarfe, bai sauke ƙafa ba. Babur ya tsaya a miƙe, tsakaninsa da jakin bai fi taku huɗu ba.

Suka gangara gefe, suka zauna a inuwa, aka daɗe babu mai magana. Yaron ya kora jakinsa ya ɓace. Can sai malamin ya ce: "Sauri ya haifi nawa, Auta." Ƙanen bai kare kansa ba. Ya ce: "Laifina ne, Yaya. Da ba ka buga ba, da yanzu wani labarin ake yi." Daga nan har Damagaram allura ba ta sake wuce 90 ba.

Tasawa da Maijirgi

Tasawa ita ce kusan rabin hanya, kuma tsohon zangon fatake ne tsakanin Kano da Agadas. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya sauka a garin a watan Janairun 1851, kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ƴan'uwan suka yi rabin awa, suka sha shayi, suka sayi kilishi na tsaraba. Hutun nan wajibi ne, domin na baya yakan riga mai tuƙi gajiya. Kujerarsa ta fi tsawo, iska ta fi dukansa, ba shi da aikin da zai hana shi gyangyaɗi, kuma fasinjan da barci ya ɗauka a kan babur ya fi buhu haɗari. Ƙa'idar da ƙanen ya bi ita ce a sauka duk bayan awa guda, a miƙe ƙafa, a sha ruwa ko da ba a jin ƙishi, saboda iskar hunturu tana busar da jiki a ɓoye.

Gaba da Tasawa malamin ya yi bugu biyu. Sun iso Maijirgi, ba zai kuwa wuce ba sai ya sauka. A wannan yanki ne tafiyar sojojin Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta zo ƙarshe, bayan ƙone-ƙone da kisan da suka yi tun daga bakin kogin Kwara, har da abin da suka aikata a Birnin Ƙonni. Gwamnatinsu ta aiko kanar Klobb ya karɓe jagoranci, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yulin 1899. Cikin kwana uku sojojin da suke ja suka juya musu, suka kashe su duka biyun, kuma a Maijirgi aka binne su. Malamin ya ba da labarin a tsaye, kaske a hannu, kamar yana gaban allo. Ya rufe da cewa jagoran da ya daina jin na bayansa ba ya kai kowa gida. Ƙanen ya yi murmushi, ya san ba Turawan kaɗai ake nufi ba.

A Takeita, inda hanyar Matamai da iyakar Najeriya ta rabu, manyan motoci suka yawaita. Wuce tirela da mutum biyu yana son lissafi: a bar tazara, a ga hanya sarai, a sauke giya, a wuce ba tare da fizga ba, a kuma shirya wa bugun iskar da ke jira a gaban motar. Kowace sauyin giya ƙanen yana yin ta a hankali, domin alamar gwanin tuƙi ita ce kasken na baya bai taɓa nasa ba. Suka wuce Tirmini, inda mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari ragowar waɗancan sojoji a ƙarshen Yulin 1899, bindiga ta rinjayi doki, birnin ya faɗa hannun Faransawa.

Damagaram

Duwatsu ne suke fara yi wa baƙo maraba, manya-manya, jibge a kan juna kamar an ajiye su da hannu. Daga nan sai gari: Zango na fatake da gidajensa masu zane a fuska, da Birni mai lunguna, inda fadar Sarki take, da sauran ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimun, wanda ya ɗaukaka Damagaram a ƙarni na 19. Nan ne babban birnin ƙasar a zamanin mulkin mallaka daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da shi Yamai.

Abin mamaki, mita ɗari biyu na ƙarshe sun fi kilomita 240 wuya. Lungun gidan biki rairayi ne, tayoyin babur ɗin kuwa na kwalta ne, kuma abin da ya kai rabin tan in ya fara karkata a tafiyar hawainiya ƙafa ɗaya ba ta tare shi. Ƙanen bai yi girman kai ba. Ya tsaya a bakin kwalta, ya kafa ƙafafu, ya ce: "Yaya, sauka, sauran da ƙafa za ka ƙarasa." Malamin ya sauka, ya buɗe akwati, ya zura babbar rigarsa, ya kafa hula, ya shiga lungu a matsayin kawun amarya, yara suna biye da babur ɗin a baya. Sun bar Maraɗi da ƙarfe bakwai saura, sun iso ana kiran azahar. Motar kamfani ta riga su, buhun shinkafa har an shigar da shi ɗaki.

Washegari, bayan ɗaurin aure da cin abinci, la'asar ta yi. Abokai suka ce ai da irin wannan inji awa biyu ta kai su Maraɗi. Ƙanen ya dubi rana, ya tuna komawa yamma ita za su fuskanta har ta faɗi, bayan ta kuma sai amalanken da ba shi da fitila da shanun da ke komawa gida. Ya ce sai da safe. Malamin ya ciro salula ya kira uwargida, ya gaya mata su ƙara kwana ɗaya, amanarta tana nan lafiya. Da gari ya waye, shi ya riga ƙanensa ɗaure kaske.

Allah shi kiyaye matafiya, na gaba da na baya, shi kai kowa gidansa lafiya.